Ranar da Na Miƙar da Katakon Mai Lofe

Na manta abubuwa da yawa a aikin nan, amma ranar da na miƙar da katakon Mai Lofe ta ƙi fita kaina. Ku masu ganin kun iya, ku saurara.

Lokacin ba a daɗe da dawowar sojoji daga yaƙin duniya a ƙasar Bama ba. An ɗauke ni gwaji a shagon kafintoci na En'e a nan Potiskum. Ƙa'ida ita ce ka yi wata shida ana kallonka, sannan Baturen ayyuka ya sa hannu a takardarka ka zama ma'aikaci, ko ya ƙi ka koma gona. Gonarmu ta Nangere kuwa mu bakwai ne a kanta. Saura mini sati uku.

Baturen muna ce masa Mai Lofe, don ko magana yake lofen na bakinsa. Hedimanmu Baba Maina, dokarsa ɗaya ce: karkataccen katako ba ya fita daga shagonsa.

Wata Litinin kukun Bature ya shigo da wani fallen katako, tsawonsa ya kawo mini ƙirji. Ya ce maigida ya ce a goge a shafa mai, zai tafi da shi hutu. Na duba. Katako mai kyau, amma kansa ya tanƙware sama kamar hancin takalmin Barebari. Na nuna wa Baba Maina.

Ya ce, "Ka ga aikin zafin garin nan ko? Gimba, in kana son takardarka, nuna masa kai kafinta ne."

Na jiƙa shi da ruwan zafi, na danne da duwatsu kwana huɗu. Ran Juma'a ya miƙe sambal. Na shafa mai, na kai ofis da kaina ina jiran yabo.

Mai Lofe ya kalli katakon. Ya juya shi. Sai ya cire lofen ya ajiye a tebur, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Ina hancinsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gyara."

Aka kira Baba Maina. Ya dubi katakon kamar yau ya fara ganinsa, ya ce, "Yaran yanzu ba sa tambaya, ranka ya daɗe."

Bature ya ciro hoto daga aljihun tebur. Ƙauyensu ne a bakin teku. Ga mutane kwance a yashi da 'ya'yansu, rabin jiki a waje, babu mai ciwo a cikinsu. Ya ce daga garuruwa masu nisa suke zuwa duk shekara don wannan kwanciyar. Can cikin ruwa kuma ga ƙatti rub da ciki a kan irin katakon nan, igiyar ruwa na tunkuɗo su. Ya ce hancin ne ke hana katako nitsewa. In babu shi, kai ne za ka caki ƙasa da ka. Ubansa ne ya lanƙwasa shi da hannunsa kafin ya mutu. Shi kuma ya taho da shi ƙasar nan ne don in ya biya ta Ikko yakan shiga ruwa kafin jirgi ya tashi.

Ni dai ruwan da na sani na rijiya ne, sai ka zura guga ka gaji. 

Bature ya ce, "Kwana tara motar Jos za ta tashi da ni. Hanci ya dawo, ko kai ka tafi."

Duk koyona na miƙarwa ne, ba wanda ya taɓa koya mini ɓata katako. Na raba garwa na dafa kansa kamar ganda. Na ɗaure shi da igiya a jikin ƙafar amalanke, kullum ina ƙara ja kaɗan, ina addu'a kada in ji ƙas. Baba Maina yakan wuce ya kau da kai.

Ran kwana na takwas Mai Lofe ya zo shago. Ya shimfiɗa katakon a tudun yashin magina, ya kwanta a kai rub da ciki da gajeren wandonsa, ya riƙe hancin, yana wutsil-wutsil da ƙafafu. Mu goma sha ɗaya muna tsaye. Wanda ya yi dariya ya san sauran. Ni na ciji leɓe har jini.

Baba Maina ya matsa a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, ana tafiya kuwa?"

Bature ya tashi ya kakkaɓe cikinsa, ya mayar da lofe baki, ya ce, "Ana tafiya."

A nan kan benci ya sa mini hannu. Katakon ya fita ta gaban Baba Maina a karkace, shi ma ya bi shi da "a sauka lafiya".

Shekara ashirin ke nan, ban ga teku ba, ban kuma yi kewarsa ba. Amma na koyi cewa mai kaya ya fi ka sanin kayansa, hedima kuma ba ya tuna shawarar da ta ɓaci. Yau ko kujera mai ƙafa uku aka kawo mini, sai na tambaya: karyewa ta yi, ko haka ubanka ya yi ta?