Ranar da Na Share Rumbun Famfunanmu

Akwai wata Alhamis ta cikin bazara da har yanzu, idan na tuna ta, sai in sunkuyar da kai ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kun ji labarinta gutsure-gutsure, wasunku ma har yau sun ɗauka wutar sola ce ta yi ɓarnar. Ba ita ba ce. Ni ne.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta masu gyaran famfon tuƙa-tuƙa a Kazaure. Ban iya gyara ba, aikina rubutu ne da ajiyar kaya. Ga wanda bai san sana'ar ba, abin da ake gani na famfo a sama kaɗan ne. A ƙarƙashin ƙasa akwai fayif-fayif da aka jona da juna, da rodi a cikinsu, sannan can ƙasa akwai silinda mai ɗago ruwa. Wani famfon fayif ɗinsa na ƙarfe ne, wani na roba, kuma kayan kwance su ba ɗaya ba ne. Makaniken da ya tashi daga Kazaure zuwa ƙauyukan Roni ko Gwiwa bai san abin da ke ƙasa ba, ya yi tafiyar banza cikin rairayi.

Saboda haka ne Malam Bitrus ya kafa mana wiki. Bitrus mutumin Filato ne, ya yi shekaru yana aiki tare da mu, kuma shi kaɗai ne ya san kwamfuta a cikinmu. Wiki wata manhaja ce mai kama da littafi, kowane famfo da shafinsa: zurfinsa, yawan fayif da rodi, girman silinda, da gyaran da aka taɓa yi masa. Ba a intanet take ba, tana zaune ne a cikin wata tsohuwar kwamfuta a ofishinmu, makanikai su buɗe ta da wayoyinsu kafin su fita. Da Bitrus ya samu aiki a gida zai tafi, ya koya mini buɗe shafi da ɗora hoto, ya kuma ce mini abu ɗaya: "Malam Habu, duk abin da za ka yi, kar ka sabunta manhajar nan sai ka kira ni."

Ga inda laifina ya fara, kuma ba a kwamfuta ya fara ba. Bayan tafiyarsa mahaifiyarsa ta rasu. Na san ta, ta taɓa zuwa Kazaure ta zauna wurinsa, har gidana ta shiga ta gaida iyalina. Shugabanmu, Alhaji Lawan, ya ɗauki mutum biyu suka tafi ta'aziyya. Ni na ce aiki ya riƙe ni, zan kira a waya. Ranar farko na ce sai mutane sun ragu. Rana ta uku na manta. Da mako ya zagayo na fara jin nauyi, da wata ya cika sai na rasa da wace kalma zan fara. Alhaji ya tambaye ni ko na kira, na ce na kira. Haka shekara biyu ta wuce, lambar Bitrus tana wayata, ina tsallake ta.

Ana nan sai wikin ta fara gardama. Makanikan da suka sayi sababbin wayoyi ba sa iya ɗora hoto, shafukan kuma suna fitowa a karkace. Wani ya duba ya ce manhajar ce ta tsufa, masu ita sun fitar da sababbin zubi da yawa a bayanta. Alhaji Lawan ya ce a gaban kowa, "Sakatare, kira ɗan'uwanka Bitrus mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai bai kai a tayar da shi ba. Zan duba."

Idi, ɗaya daga cikin makanikanmu, ya yi dariya ya ce, "Kai, ashe muna da injiniya muna zaune! Sakatare, in ka gama ka zo ka duba mini rediyo."

Gaskiyar magana, ban ƙi kiran Bitrus don na iya ba. Na ƙi ne don a wurinmu ba ka neman alfarma wurin mutumin da ka bar shi da gawa ba ka ce masa ya haƙuri ba.

Na kwana uku ina kallon bidiyon koyarwa a waya, da Turancina na sakandare. Duk sun ce a fara ɗaukar kwafi. Ranar Alhamis da hantsi na nemo foldar da ke ɗauke da sunan wikin, na kwafe ta a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, na ji na cika sharaɗi. Na sauko da zubin da ya fi kowanne sabunta, na ɗora shi kan tsohon, na danna inda aka ce a danna. Rubutu ya yi ta gudu a allon, sai ya tsaya da jan layi. Na buɗe shafin farko, fari fat.

Da na tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma na ci gaba da bincike, na ga inda wani ya rubuta cewa idan rumbun bayanai ya lalace, a share shi a mayar da kwafi. Na ce ai ina da kwafi. Kwamfutar ma ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Na mayar da foldar da ke filas, na buɗe. Babu shafi ko ɗaya. A lokacin ban san cewa foldar nan manhajar ce kawai da hotuna ba. Rubutun duka, aikin shekaru, yana cikin rumbun ne, wanda na share da hannuna.

Da Alhaji ya shigo bayan azahar na ce masa wuta ce ta yi tsalle tana cikin aiki. Nan take ya kira mai haɗa mana sola ya wanke shi tas, ina zaune ina ji.

Washegari Juma'a aka bugo daga wani ƙauye a yankin Gwiwa. Famfonsu guda ɗaya ne, ya daina kawo ruwa, rijiyoyinsu kuma sun ƙafe. Wanda ya yi masa babban gyara na ƙarshe ya bar aiki ya tafi Kudu, ba a samunsa. Idi ya zo ya tsaya a kaina.

"Sakatare, buɗe mini shafinsu. Ƙarfe ne ko roba?"

Na ce, "Ina kan gyara. Yawancin na wajen nan ai ƙarfe ne."

Ranar Asabar ya ɗaura kayan ƙarfe a babur ya tafi. Da la'asar ya dawo, ƙura har gira. Ya jefar da jakar kayan a ƙofa ya ce, "Roba ne. Rodin kuma ya tsinke ya faɗa ƙasa. In ban san zurfin da yawan rodin da girman silindar ba, me zan ce a sayo a Kano? In yi ta cinta?" Ya dube ni ya ce, "Injiniya, yaushe za ka gama?" Wannan karon bai yi dariya ba.

Lahadi na wuni a ofis ina danne-danne. Sau biyu na fito da lambar Bitrus, sau biyu na mayar da wayar aljihu.

Litinin da safe sai ga Mai Unguwar ƙauyen da kansa, dattijo ne, an goyo shi a babur. Ya gaisa da Alhaji a tsanake, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Sannan ya zaro wata gorar roba daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan teburina. Ruwan da ke ciki kamar an dama ƙasa.

Ya ce, "An ce mini kai ne mai littafin. Ban zo faɗa ba, ɗana. Wannan daga kududdufin da shanu ke sha aka ɗebo shi, shi jikokina suka sha yau da safe. Na ce bari in kawo a gani, ko zai sa na'urar ta yi sauri."

Na tashi na fita bayan ofis, na tsaya gindin darbejiya na kira Bitrus. Ya ɗauka a bugu na biyu.

"Malam Habu? Ashe kana raye!"

Na ce, "Ina raye, Malam Bitrus. Ya haƙurin Mama?"

Sai ya ce, "Shekara biyu ke nan. Haƙuri an gode." Sannan ya ce, "Wikin ce ta mutu, ko?"

Na ce, "Ita ce."

"Da ba ta mutu ba, da ba ka kira ba."

Na so in kawo uzuri, na duba ban ga ko ɗaya ba. Na ce, "Gaskiya ne. Da ban kira ba."

Ya ce, "Ka san tana asibiti ta tambaye ka? Ta ce ina malamin nan da matarsa ta ba ta fura." Sai ya ce, "To, shi ke nan. Je ka zauna gaban kwamfutar, ka faɗa mini duk abin da ka taɓa. Kar ka rage komai, na san ka da ragi."

Na faɗa masa, har da sharewar. Ya ce, "Kai, Malam Habu! Ka kwashe buhunan wofi ka ƙona hatsin." Sai ya sa na buɗe wani lungu na kwamfutar da ban taɓa shiga ba. Ashe tun kafin ya tafi ya saita ta tana ajiye kwafin rumbun da kanta duk mako. Sai dai wurin ajiyar ya cika, ta daina fiye da shekara guda da ta wuce, ba wanda ya lura. Ya riƙa karanta mini abin da zan rubuta harafi-harafi. Muka mayar da tsohuwar manhajar, muka zuba mata kwafin ƙarshe da aka samu. Kafin azahar shafin ƙauyen ya buɗe, da zurfi, da yawan rodi, da girman silinda, komai yana nan. Abin da ya hana mutane ruwa tun Juma'a bai ɗauki rabin wuni ba.

Idi ya kwafe a takarda ya nufi tasha. Ni kuma na juya wurin Alhaji, Mai Unguwa yana zaune, na ce ba wuta ba ce, ni na share, kuma mai sola ba shi da laifi.

Alhaji ya dube ni. Ya ce, "To me ya hana ka kiran Bitrus tun ranar Alhamis?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban yi masa ta'aziyya ba. Sai yau."

Ya ce, "Ka ce mini ka yi."

Na ce, "Ƙarya na yi."

Mai Unguwa ya miƙe ya ce zai je ya yi alwala, duk da lokaci da saura. Na gane ya fita ne don kada a yi mini faɗa a gabansa, wannan kuwa ya fi mini faɗan zafi. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini wayarsa ya ce in kira mai sola da bakina, na kira.

Ruwa ya dawo ƙauyen ranar Laraba. Gyare-gyaren da aka rubuta cikin shekarar da kwafi bai kama ba kuwa sun tafi. Na shafe damina ina bin makanikai a bayan babur daga Roni zuwa Babura, ina tambaya ina sake rubutawa, wasu shafukan har yau da giɓi. Sabuntawar kuma Bitrus ne ya jagorance ni daga baya, zubi bayan zubi, ba tsalle ɗaya ba, muna ɗaukar kwafin rumbu da na folda, muna gwada shi a wata kwamfutar kafin mu taɓa ta ofis.

Wannan shi ne abin da zan bar muku na fannin na'ura: kwafin da ba ku buɗe kun ga rubutunku a ciki ba, kada ku kira shi kwafi. Amma abin da ya fi zama mini darasi ba na na'ura ba ne. Aikin nan namu, rabinsa yana ƙarƙashin ƙasa, rabinsa yana cikin kan mutanen da suka taɓa yin sa, kuma mutanen nan suna da iyaye da ke rasuwa. Na jinkirta gaisuwar da ba ta fi minti biyar ba, yaran da ba su san ni ba suka sha ruwan shanu kwana biyar. Idan kuka ji an yi wa abokin aiki rasuwa, ku ajiye abin da ke hannunku ku kira shi a ranar.