Halo da Lafiya Lau ta Farko

Akwai wata Talata da ba na mantawa da ita a aikin da na yi a ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje. Lokacin kullen korona na farko ne, a 2020, ina ma'aikacin wucin gadi a jami'armu da ke titin Jalan Semarak, a can ƙasar waje. Aikinmu shi ne bin ɗalibai ta waya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce lafiya yake, a sa masa alamar kore, ba a sake kiransa sai bayan mako biyu. Mai damuwa a sa masa ja, motar ofis ta kai masa abinci ko magani. Kowane kira minti biyu aka yanka masa, saboda sunayen suna da yawa.

Ni kuwa a minti biyu ko gaisuwa ban gama ba. Da safiyar ranar shugabarmu, Puan Rohani, ta kira ni ta bidiyo.

"Nura, ka ce halo, ka yi tambaya uku, ka ajiye. Boleh?" Wato "zai yiwu?" da yarensu.

Ita da aikin haɗa layin tarho ta fara tun tana budurwa, don haka halo ɗin nan ji take da ita kamar 'yar cikinta. Ta ce asalinta ba gaisuwa ba ce, kira ne da Turawa ke ƙwala wa na nesa, kamar mai jirgin fito a tsallaken kogi. Da tarho ya zo aka rasa abin da za a fara cewa. Wani daga cikin masu ƙera shi ya so a ɗauki kiran matuƙan jirgin ruwa, wani ya ce halo, ita ta yi nasara.

"Gajeriya ce lah, shi ya sa ta zagaye duniya," in ji ta, da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar ke liƙa wa magana.

Na ce, "Puan, ashe kira ce kawai. Mutanenmu ba sa faɗin damuwarsu daga kira. Ki saurare ni sau ɗaya."

Wanda ke cikin raina shi ne Malam Habibu, dattijon malamin kwaleji daga Gumel, yana digiri na uku, shi kaɗai a ɗaki a unguwar Setapak. Wata abokiyar aikina ta sa masa kore, amma hankalina bai kwanta ba. Puan ta yarda ta shiga layin ta yi shiru, duk da ba ta jin Hausa.

Na yi sallama. Ina kwana, ina gajiya, ya karatu, ya zaman ɗaki, ya mutanen Gumel? Duk amsar ɗaya ce, lafiya lau, alhamdulillahi. Saƙon Puan ya faɗo cewa lokaci ya cika. Na yi kamar ban gani ba.

"Malam, ya ƙarfin jiki?"

Sai ya ce, "To, da sauƙi, Nura."

Nan na gane akwai matsala, domin mai lafiya ba ya cewa da sauƙi. Da lallashi ya faɗa mini maganinsa na ciwon suga ya ƙare kwana biyar, har ganinsa ya fara dishi-dishi.

"Haba Malam, me ya hana ka gaya wa wadda ta kira ka?"

"Yarinyar sauri take yi. Ga mutane suna ta mutuwa, ni zan tsayar da ita da zancen ƙwaya?"

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na fassara wa Puan. Nan take ta tura mota, kafin azahar yana gaban likita. Washegari ta ba ni sunayen 'yan Arewa gaba ɗaya, ta cire mini ƙa'idar minti biyu. Bayan mako guda da kanta ta kira Malam Habibu. Ta ce halo, sannan ta karanto daga 'yar takardar da na rubuta mata: "Malam, ya jiki?" Ya yi ta dariya har da tari.

Ku sababbin ma'aikata da kuka shigo irin aikin nan yanzu, halo tana tabbatar muku mutum yana kan layi ne kawai. Wanda ya fi buƙatar taimako sau da yawa shi ya fi jin nauyin nema. Tun daga ranar ban sake sa wa kowa kore a kan lafiya lau ta farko ba.