Malam Bakari, Mai Shayar da Kwamfutar Rediyon Agiye

Kullum da hantsi, kafin masu shirye-shirye su iso, Malam Bakari ya riga ya jingine kekensa a gindin dogon yaro, ya shiga ƙaramin ɗakin da ke bayan buro, wato ofis, na gidan rediyon manoma a Agiye. Ba ya taɓa komai tukuna. Sai ya durƙusa, ya kara kunnensa a jikin babbar kwamfutar da ke fitar da shirye-shirye, yana saurare. Kwamfutar nan da ruwa take shan sanyi: wani ɗan famfo da bai kai ƙwan kaza ba ke zagaya ruwan cikin siraran tiyo, yana kwashe zafi. Da kunne kawai Malam Bakari ke gane ko famfon ya kwana lafiya.

Bai yi lakol, wato karatun boko, mai zurfi ba. Shekara ashirin ya yi a tasha yana wanke lagireton motoci, har ranar da aka kawo na'urar gidan rediyon, aka rasa mai kula da ita. Ya duba, ya ce ai lagireto ce, ƙarama dai. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan bai bar ta ta ƙone ba, a garin da zafin bazara ke sa ƙarfe ya gagari hannu.

Suwaiba, mai karanta labarin yanayi, ba ta manta ranar da ruwan farko ya sauka bara ba. Daga Agiye har Gazawa mutane sun fito da iri za su yi shuka, ita kuwa tana riƙe da sanarwar masana cewa a dakata, ruwa zai ɗauke na kwanaki. Da azahar kwamfutar ta ɗau zafi, ta mutu, rediyo ya yi tsit. Shugaban gidan ya ce a kai ta Maraɗi, abin da zai ci mako guda.

"Baba, in ban faɗa yau ba, gobe iri ya shiga ƙasa," Suwaiba ta ce wa Malam Bakari.

"Ɗiyata, samo mini farin ƙyalle, ki je ki yi salla."

Ta ce ta dawo ta tarar ya tsiyaye ruwan, ya kwance famfon, ya jera ƙananan kusoshinsa a faranti. Gansakuka ce ta toshe ɗan farfelar ciki. Ya goge ta da tsohon buroshin haƙori, a hankali kamar mai wanke jariri, ya ɗauraye tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya zuba tataccen ruwa, yana karkata akwatin har kumfar iska ta ƙarshe ta fita. Kowa na azalzalarsa ya kunna, ya ƙi. Ya shimfiɗa ƙyallen a ƙarƙashi, ya bar famfon kaɗai yana juyawa sa'a guda, don ɗigo ɗaya ya isa ya kashe na'urar. Ƙyalle ya fito a bushe. Kafin la'asar sakaliya muryar Suwaiba ta kai ƙauyuka. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha uku, waɗanda suka ji suka tsira da irinsu.

Kai ne, Malam Bakari, wanda ba a taɓa jin muryarka a rediyon ba, amma da hannunka kowace murya ke fita. Mai kunnen likita, mai haƙurin masaƙi. Yanzu ido ya yi rauni, ka ce za ka huta a ƙarshen wata. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya.

Ku da aka damƙa wa wani ƙaramin abu ku kula da shi, ku je ku ga dattijon nan kafin ya ajiye aiki. Akwai gidajen da suka ci tuwo bana ba su san sunansa ba.