Kujerun da Baba Ya Shinshina

Ubana baduku ne. Da wannan na fara don mai karatu ya san girman wautar da na tafka. A wani ƙauye na ƙasar Gwiwa ya raine mu, kuma da basilla da zare ya ciyar da mu: kube, zabira, takalmi, buzun salla. In ka rufe masa ido ka miƙa masa fata, zai gaya maka ta akuya ce ko ta tunkiya, har ya ƙara maka da cewa majemin ya yi rowar bagaruwa.

Ni kuwa na yi boko, na zama malamin makaranta a Kazaure, na kama gida mai falo. Shekarar da aka ƙara mini girma na shiga Kano na yo saitin kujeru baƙaƙe wuluk, sai sheƙi suke yi. Mai shagon ya dafa ƙirji ya ce fata ce zalla daga waje, har jikokina sai sun zauna a kai. Na yarda, don dama so nake in yarda.

Sati biyu da kawo su, Baba ya zo asibiti a duba masa ido, ya sauka a gidana. Da la'asar abokan aikina uku suka zo gaishe shi. Ni dai, in faɗi gaskiya, kujerun nake so su gani. Baba ya shigo falo bai zauna ba. Ya sunkuya ya shinshina hannun kujera, ya danna da babban yatsa, ya lakato yawu ya shafa, ya tsaya yana kallon wurin.

"Malam," haka yake kirana in zai tsokane ni, "wa ya sayar maka da wannan a sunan fata? Fata tana shan ruwa, kuma tana da warinta. Wannan yadi ne aka shafa wa roba."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ƙunshe dariya, ita ce kuwa ta hau mini kai. Na ce, "Haba Baba, ai wannan ba irin fatar akuyar da kuka saba da ita a ƙauye ba ce. Ta Turai ce, inji ke yin ta. Ku dai ku zauna ku ji daɗi."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da tafawa da na kusa da ni. Allah ya yafe mini.

Baba ya dube ni ya ce, "To, madalla. Allah ya sa a kashe lafiya." Ya ɗauki buzunsa ya fita, ya shimfiɗa a gindin darbejiyar ƙofar gida. Daga ranar, duk zuwan da zai yi, nan ne mazauninsa. In na ce ya shigo ciki, sai ya ce iskar waje ta fi masa.

Bazara biyu kujerun suka yi ƙarƙashin rufin kwano. Sai wurin da ƙeya ke jingina ya fara tsagewa, hannuwan suka biyo baya. Kafin a yi haka sun kama saɓa, kullum da safe matata sai ta share baƙin ɓawo cike da abin kwasar shara. Ba abin da ban gwada ba: man takalmi, gam, har alƙalamin rubutu a allo na bi wuraren da shi. Da na gaji na kira mai gyaran kujeru. Ya kama bakin wata tsaga ya ja, sai ga farin yadi a ƙasa. Ya ce, "Malam, ai wannan ba ta gyaruwa, roba ce aka shafa wa yadi. Ba wanda ya gaya maka?"

Na ce masa babu.

Sau uku ina zuwa ƙauye da maganar a bakina, sau uku ina dawowa da abata. In na durƙusa gabansa sai in tambayi ido, in tambayi gona, in tashi. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu.

Wata Juma'a cikin damina ya sake zuwa ganin likita. Tun da sassafe na sa matata ta lulluɓe kujerun da zannuwan gado. Tana cusa gefen zani tana cewa, "Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi." Na ce ta yi abin da na sa ta.

Da ya dawo daga asibiti ruwa ya sauko, gindin bishiya ya zama caɓi, dole ya shigo falo. Na zaci ƙasa zai zauna. Sai na ga ya nufi babbar kujera ya hau, ya jingina sosai, muna ta hirar gero da wake. Ni kuwa ina kallon zanin yana zamewa a bayansa kaɗan-kaɗan.

Ruwa ya ɗauke, lokacin masallaci ya yi. Ya miƙe cikin farar babbar rigarsa, wadda ba ya sawa sai Juma'a. Da ya juya, wayyo Allah, bayan rigar nan tun daga wuya har kwankwaso ya zama kamar jikin zabo, duk baƙin ɓawon kujerar ya manne.

Muka fita, yana gaba, ina biye da shi riƙe da buzunsa. In na yi magana, na tona kaina. In na yi shiru, tsoho mai furfura zai shiga sahu a haka, a garin da kowa ya san ni ɗansa ne. Kuma wallahi shirun na zaɓa. Muka wuce mai shayi, muka wuce masu a-daidaita-sahu, wani ya bi bayansa da kallo sannan ya dube ni. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na tafiyar nan ba.

Sai da muka hango masu alwala a bakin masallaci na ce, "Baba, ku ɗan tsaya in kakkaɓe muku riga."

Ya tsaya cak a gefen hanya, bai juyo ba. Na shiga kakkaɓewa, wasu suna zuba, wasu sun manne da gumi sai na sa farce. Na ce, "Baba, ba fata ba ce. Ku yafe mini."

Sai ya ce, "Matarka ta iya shimfiɗa, amma tun daga bakin ƙofa na ga ɓawon a ƙarƙashin kujera. Da gangan na jingina, Malam. So nake in ga ko za ka bar ni in shiga masallaci da shi."