Ranar da Baba Malam Ya Ɗana Wa 'Yata Tarko da Tauraro

Ku matso kusa ku ji wannan. Shekarun baya, 'yata ta gama jami'a aka kira ta ƙasar waje aikin binciken sama. Ni da ko aji uku ban kai ba, abin da na gane shi ne suna ɗaukar hoton sama da manyan na'urori, su yi wa duk abin da ya fito rajista, kamar masu ƙidaya.

Sai dai a gidanmu ba mai ƙetare ƙasa sai yayan mijina ya sa albarka, tunda mahaifinta ya rasu. Shi kuwa malami ne a Asokore Mampong, kuma an riga an kai masa gulma wai yarinya ta koyi duba da taurari. Ya aiko cewa ba inda za ta.

Muka hau trotro, motar haya, daga tashar Kejetia, ina ta salati a zuci. Muka same shi a zaure, ko gaisuwata da ƙyar ya amsa.

Ta buɗe kwamfuta ta nuna masa hoto uku. "Baba Malam, duk wuri ɗaya ne a sama. Wannan da hasken da ido ke gani aka ɗauka, wannan da rediyo, wannan da irin hasken hoton ƙashi na asibiti. Dubi nan, a na farko duhu ne, a na biyu ga abu yana ci bal-bal. Aikina in tabbatar wanne ne wanne, kada a rubuta abu ɗaya sau uku."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo. "To wannan me ya ce a kan ciwon ƙafata? Zan warke?"

Na san tarko ne, ga yarinyar da son faranta wa manya. Na mintsine ta har ta zabura.

"Wallahi ban sani ba, Baba. Hasken nan ya baro can tun ba a haifi kakanninmu ba, bai ma san an yi ka ba. Ƙafa kuwa, mu je asibiti."

Na ce a raina shi ke nan, ta yi wa malami rashin kunya. Can sai ya tuntsire da dariya, ya ɗaga hannu ya fara addu'a.

Har yau idan na je gaishe shi sai ya ce, "Sun samo sababbin taurari?" Ni dai ranar na ga "ban sani ba" ta buɗe ƙofar da surutuna ba zai buɗe ba. Ku fa, da ku ne a zauren nan, me za ku ce masa?