Baba Mai Famfo Ya Ajiye Sifana

Kafin mahaƙa su gama karyawa, Baba Mai Famfo ya riga ya isa bakin ramin ma'adinai. Ya duba man injin janye ruwa, ya taɓa bel ɗinsa, sannan ya ɗora tafinsa a kan bututu, kamar mai duba zazzaɓin jika. Matarsa takan yi masa tsiya, wai ya fi saurin jin tarin inji a kan nata.

Shekara talatin da ɗaya yana janye ruwa daga rami mai zurfin gaba tamanin, domin masu haƙa su sami wurin tsayawa. Irin aikin da ba a tuna mai yinsa sai ranar da inji ya tsaya.

Ya kuwa tsaya, wata rana da hantsi, ana tsakiyar damina. Bangon wani tsohon rami ya fashe, ruwa ya tare mutum bakwai a wani lungu can ƙasa, laka kuma ta toshe bakin famfo. Shugaban aiki ya ce a jira babban inji, zai iso da la'asar. Baba ya leƙa ya ga inda ruwa ya kai a jikin tsani, ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ba su da la'asar."

Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ruwa har wuya, yana lalube yana ƙwaƙulo laka da tsakuwa daga rariyar bututu. Sau uku tana toshewa, sau uku yana nutsewa. Masu riƙe da igiyar sun ce a na ukun har sun fara salati. Bayan azahar ruwa ya ja baya, su bakwai suka fito da ƙafafunsu. Tun ranar kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. In an tayar da zancen, sai ya juyo da kunnen ya ce bai ji me ake faɗa ba.

Baba, kai ne gatan na ƙasa. Wannan makon ka miƙa sifanarka ta gyaran inji, gwiwa ta ce ya isa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku riƙe aikinku yadda ya riƙe nasa. Gidaje bakwai ne yau suke da uba saboda mutum ɗaya bai jira la'asar ba.