Baba Tukunya Ya Ajiye Sanda

Kafin sauran ma'aikata su diro daga bayan tifa, shi ya riga ya kunna wuta a ƙarƙashin tukunyar kwalta. Yakan duba ma'aunin zafi, ya ɗaga murfi, ya zura doguwar sanda ya motsa. Hayaƙin farko, mai kauri da ɗaci, a fuskarsa yake sauka. Daga nan sai cika bokitai da miƙa wa masu shimfiɗa titi har la'asar. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Kowa Baba Tukunya yake ce masa, har injiniyoyi.

A ƙa'ida aikin tukunya karɓa-karɓa ne, kowa da makonsa. Shi ya rushe tsarin. Tun da daɗewa ya lura matan abokan aikinsa biyu suna ta ɓari, ya ɗora laifin a kan hayaƙi. Ba shi da hujja, har yau kuma ba wanda ya tabbatar masa. Ya dai kafa doka: wanda bai haihu ba, ba ya tsayawa bakin tukunya. Shi mai 'ya'ya uku sai ya riƙa karɓar makonsu. Da tafiya ta yi nisa, masu 'ya'yan ma suka ji daɗi, suka sakar masa.

Direban rola ya ce ranar da ya dawo daga hutun aure ya ɗauki sanda, sai ya ji an fizge ta ta baya. "Ya ce min, 'Ango, koma kan motarka. In ka zama uban wani ka zo mu yi magana.' Yanzu 'ya'yana huɗu, maganar ba a yi ta ba."

Wata uku da suka wuce masu bincike suka zo wurin aikin. Suka ɗebi jinin mutum goma sha takwas, suka kankari cikin kumatunsu. Lahani suke nema a ƙwayoyin halitta, wato umarnin da ke cikin kowace ƙwayar jiki, wanda idan ya lalace ciwon daji kan sami ƙofa. Dukkansu an ga lahanin fiye da na ma'aikatan ofis. Nasa ya fi na kowa, nesa ba kusa ba.

Likitar da ke cikin masu binciken ta zaunar da shi a kwantenar da suke ofis da ita.

"Baba, ban ce kana da cuta ba. Na ce hatsarin ya ƙaru. Da wannan tarin naka, ina so ka yi hoton ƙirji, kuma ka bar tukunya yau."

"Ai ina shan madara, 'yata. Gwangwani guda kullum, ban taɓa fashi ba."

"Madara ciki take tafiya, Baba. Hayaƙi kuwa huhu."

Shi ya koya wa kowa cewa madara na wanke ƙirji, kamar yadda aka koya masa. Shi ya koya musu goge kwalta daga hannu da man dizal. Ya daɗe yana kallon tafukansa, sannan ya ce, "To wa zai tsaya?"

Bai bari ranar ba. Ya ƙara kwana goma sha tara, yana tari yana motsawa. Matarsa ta zo har bakin titi, ta tsaya bayan shingen da ke tare motoci. Masu shebur sun ji ta.

"Malam, kana tsaron 'ya'yan da ba a haifa ba. Naka da aka haifa fa, wa ka bar wa?"

Washegari ya sami injiniya da buƙata uku: takunkumi mai tace hayaƙi, ruwa da sabulu a maimakon dizal, da tukunya mai rufaffen kai. An ba da biyu, ta ukun an ce ana dubawa. Ya tara mutanensa ya ce daga yau awa bibbiyu a bakin tukunya, kowa da kowa. Direban rola ne ya fara miƙo hannu, wannan karon aka ba shi sandar.

Kai ne ka shanye rabon mutum goma sha bakwai, Baba, ba wanda ya sa ka. Ba zan ce dokarka daidai take ba. Hayaƙi bai san mai 'ya'ya da marar 'ya'ya ba, kuma karamcinka ya sa kowa ya yi barci a kan abin da ya kamata a gyara tuntuni. Amma ka ga hatsari lokacin da masu takardu ba su gani ba, ka tare shi da abin da kake da shi, ƙirjinka ke nan. Da aka nuna maka kuskurenka, ka gyara a gaban waɗanda ka koya wa. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiya.

Masu ba da kwangila, ku sa rufaffiyar tukunya cikin sharuɗɗa. Manyan ma'aikata, ku yi koyi da idonsa, ku kula da na ƙasa da ku, amma kada ku sake barin mutum ɗaya a cikin hayaƙi.

Hoton ƙirjin ya nuna wani duhu a huhun dama. An yanki kaɗan an kai gwaji, ranar Talata za a faɗa masa. Matarsa ta ce ya daina cin abincin kirki, kullum yana zaune a ƙofar ɗaki yana share maƙogwaro. Direban rola ya nemi hutun ranar don ya raka shi. Ku sauran goma sha shida, bencin asibitin dogo ne.